Agogona ya mutu a teburin mai shayi

Kun dai san dokar da Sani ya kafa a tattakin ranar Asabar: a haɗu Ƙofar Ƙaura bayan asuba, a zaga a ɓullo ta Ƙofar Soro, wanda takunsa ya fi na kowa kaɗan shi ke biyan kuɗin shayi. Na gaji da biya, shi ne na fasa asusu na sayo agogo sabon yayi. Fuskarsa irin ta AMOLED ce, tangaran ko da tsakar rana, yana da GPS nasa na kansa, yana auna bugun zuciya da iskar oksijin ta cikin jini, har waya ana amsawa da shi. A jikin kwali an rubuta cajinsa na kai kusan mako biyu.

Mako biyun nan ashe na wanda ya kashe komai ne. Ka bar fuskar kullum a kunne, ta cinye fiye da rabi. Ka kunna GPS, lissafin ya tashi daga kwanaki ya koma awoyi, don ba ya hutawa da neman tauraron ɗan'adam. Ni kuwa duk na kunna, ai kuɗinsu na biya. Ga kuma auna barci: sai ka kwana da shi a hannu, yana ta ƙyalla wata 'yar fitila kore da ja a fatarka, har uwargida ta ce in juya hannun bango. To in da rana yana ƙirga taku, da dare yana ƙirga minshari, yaushe za a sa shi caji? Daren Juma'a ma wuta ba ta zo ba. Na duba da asuba na ga saura kashi 30, na ce ya isa har da canji.

Ranar ban hau babur ba, tun daga gida na tako. Wayar ma na bar ta kan katifa, don in nuna musu agogon ba ya buƙatar ɗan rakiya. A hanya har ina wuce su in dawo, ina zagaya Habu.

Muka zauna a benci. Sani ya nuna nasa, dubu tara da 'yan kai. Habu ya nuna. Aka zo kaina, na naɗe hannun riga a hankali, na ɗaga hannu daidai fuskar Sani.

Baƙi ƙirin.

Na juya hannun. Na sake juyawa da ƙarfi. Na ƙwanƙwasa da yatsa, na danna maɓallin gefe na riƙe, na hura masa iska na goge da bakin riga, wai ko zufa ce. Mai shayi ya tsaya da kofi biyu a hannu, ya fasa sheƙa shayin, yana kallo. Ba wanda ya yi dariya tukuna, kuma wannan shirun ya fi dariyar ciwo. Ina cikin karkaɗa hannu kamar wanda kunama ta harba, sai dattijon nan mai gadin shagunan tsallake, da ke ƙarshen benci, ya ce, "Samari, don Allah ƙarfe nawa?"

Shi ne fa har yau ban yafe ba. Mutumin nan da agogo a hannunsa! Baƙar Casio ɗin nan ta roba, F-91W, wadda aka fara yi tun 1989, batirinta ɗaya na kai shekara bakwai. Igiyar ta tsinke ya ɗaure da zare, amma tana aiki, ina ganin lambobin daga inda nake. Na ce, "Baba, ai ga naka nan." Ya ce, "Nawa na talakawa ne, ɗana, na ce ko na masu kuɗi ya fi daidai." Sannan ya tsoma burodinsa a shayi, ko murmushi babu. Kuma kullum na wuce sai na gaishe shi. Da azumi ni na kai masa ƙanƙara. Ban san me na tsare masa ba.

Nan fa benci ya kece. Habu har da ƙwarewa.

Na ce a yi adalci, kowa ya ga zufata. Sani ya ce shi ba zufa ya ce a ƙirga ba, abin da agogo ya nuna shi ne shaida, nawa kuma bai nuna ko ɗaya ba. Ya ƙara da lacca, wai su Garmin masu dishi-dishin fuska, masu shan hasken rana, makonni suke yi, Apple ma sun yi shekara da shekaru suna rubuta wa nasu awa 18 ba su ɓoye ba, wai mutum ya zaɓa, ko ƙyalli ko ƙarko. Mutumin da nasa na hannu ne, ƙaninsa ya bar masa.

Na ruga wurin mai cajin waya na kusa, ko minti biyar a sa mini ya farfaɗo. Yaron ya juya agogon gaba da baya, ya ce, "Yallaɓai, ina ramin?" Ba rami. Cazarsa ta maganaɗisu ce, tasa shi kaɗai, tana can gida kusa da wayar.

Na biya. Habu da bai taɓa wuce ƙwai ɗaya ba ranar ya ce a soya masa uku da Indomie, Baba mai gadi ma aka ce a haɗa da nasa.

Yanzu na kashe fuskar, na kashe awon oksijin, GPS sai da dalili. Cajin na daɗewa, ba laifi, sai dai in zan duba lokaci sai na juya hannu sau biyu. Sani ya turo saƙo wai wannan Asabar ɗin za a ƙara da zagayen filin polo. Na gani, ban dai amsa ba.