Tukwanen baranda a Hamburg, da abin da ya kamata Tawa ta ara

Tun ranar 1 ga Afrilun 2024 da dokar wiwi ta fara aiki a nan Jamus, saƙonnin da samarin gida Nijar ke turo mini suka canza salo. Da can maganar biza ce da ta tsohuwar waya. Yanzu yaro zai gama gaisuwa, ya tambayi sanyi, sannan ya sassauta murya: "Kawu, wai da gaske ne a wurinku mutum na shuka abin nan cikin tukunya, ɗan sanda ya wuce bai ce uffan ba?" Da gaske ne. Amma bidiyon TikTok da ya kai musu labarin ya tsaya ne a kan ganyen, bai nuna shingen da aka kewaye shi da shi ba.

Dokar ta yarda wanda ya cika shekara 18 ya shuka tushe uku a inda yake zaune. Zai iya riƙe giram 25 a aljihu, ya ajiye giram 50 a gida. Ba zai sayar ba, ko kyauta ma ba zai ba aboki daga abin da ya girbe ba. Dole ya killace shukar inda yaro ba zai kai hannu ba. An hana sha kusa da makaranta ko filin wasan yara, an hana sha a gaban ƙananan yara. Ƙungiyoyin noman wiwi da aka buɗe wa ƙofa daga watan Yulin shekarar ba za su wuce mutum 500 ba, kuma wanda bai kai 21 ba an rage masa yawan abin da zai karɓa da ƙarfin wiwin. Da duk wannan, Jamusawan ba su zama baki ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta yi adawa da dokar, jam'iyyar CDU ma haka, jihar Bavariya kuwa ta hana shan ta a bukukuwanta na gargajiya.

Ban ɗauki waɗanda suka yi dokar a matsayin mahaukata ba. Hujjarsu ita ce hani bai hana kowa sha ba, sai dai ya azurta dillalai, ya sa matasa sayen gauraye da ba su san abin da ke ciki ba. Mu ma ba mu da bakin yi musu dariya, don hanin da muke da shi bai kori tramol daga tashoshinmu ba. Sai dai dokarsu tana zaune ne a kan wasu abubuwa da mu ba mu da su. A nan kusan kowa na da inshorar lafiya, kowane babban gari na da ofishin da mai shaye-shaye zai je a saurare shi kyauta. Kuma ƙasa ce ta tsofaffi. Nijar kuwa kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Likitoci sun daɗe suna cewa ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara wiwi da ƙuruciya, ya lazimce ta, ya fi shiga haɗarin taɓin hankali. Idan hakan ta faru da yaro a wani ƙauyen Adar, uwarsa ce asibitin, ita ce likitan.

Sannan gidan Bahaushe ba shi da baranda mai makulli. Tsakar gida ta kowa ce: yara goma, maƙwabciya mai neman wuta, almajiri mai jiran saura. Sharaɗin killacewa ya rushe tun kafin a zuba ƙasa a tukunya. Ga doka: ta 1999 kan miyagun ƙwayoyi ta haramta noman wiwi a Nijar, tushe ɗaya ko gona guda, kuma ƙarshen abin gidan kaso ne. Hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, OCRTIS, da ta kama tan 17 na daskararren ƙaron wiwi a wani sito a Yamai cikin Maris na 2021 ba za ta saurari "ai a Jamus an halatta" ba. Matsayin malamanmu kan duk abin da ke gusar da hankali kuwa kowa ya sha ji a huɗuba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, a barandun nan akwai abin koyi na gaske, amma ba shi ake tambayata ba. In ka ɗaga kai a unguwarmu cikin watan Yuli, cikin baranda ashirin da wuya ka ga ganyen wiwi a ɗaya. Tumatir ne, da tattasai, da na'ana'a, da furanni. Wata tsohuwa da ke ƙasa da ni tana da wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma tun daga tsakiyar bazararsu har sanyi ya kama ba ta sayen tumatir. Ƙasar ma da kuɗi take sayenta a buhu, ta ɗora a ƴar kekenta ta ja zuwa gida. Rana kuwa roƙonta ake yi. Mu da ke da rana har ta yi yawa, da takin awaki a kowane lungu, sai mu ƙirga dala-dala mu sayi kashin tumatir uku da suka fara laushi.

Kuma ba wai ilimin baƙo ne gare mu ba. Mutanen da suka fitar da albasar Galmi har ta yi suna a Afirka ta Yamma, waɗanda suka rayar da fako a Illela da Badagishiri da ramukan tassa, ba su buƙatar Bature ya koya musu tara ruwa da taki a ƙaramin wuri. Tassa ai tukunya ce da aka haƙa a ƙasa. Ƴan birni ne suka ɗauka noma sai da gona.

Ga mai son farawa, abin shukar yana nan a gida: bidon mai na lita 25 da ya tsage, a yanke samansa, ko tsohon buhun shinkafa, ko tulun da ya fashe baki. Abu na farko a huda gindin da ƙusa mai zafi wuri biyar ko shida. Yawancin shukar da ke mutuwa a tukunya ruwa ne ke kwanciya ya ruɓar da saiwa, mai ita kuma ya ga ta yi yaushi ya ƙara mata ruwa. A ɗora abin kan bulo biyu don ruwa ya fita, gara kuma ta rage samun hanya. Baƙar roba a guje ta, ko a naɗe ta da tsohon buhu, don zafin ranar Tawa na dafa saiwa ta jikin roba. Ƙasa kuwa kada a ɗebo laka zalla, za ta daskare ta tsage. Rairayi zalla kuma ba ya riƙe ruwa. A haɗa ƙasar gona da ɗan rairayi da takin da ya daɗe ya ruɓe, wanda in ka murza shi a hannu yake wargajewa ba wari. Ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake yi.

Ruwa shi ne inda kowa zai ce a nan gizo ke saƙa, kuma gaskiya ne, musamman a unguwannin da famfo ke yin kwanaki bai zo ba. Amma tukunya ba ta shan abin da fadama ke sha. Gidan da ake alwala sau biyar, a wanke shinkafa, a wanke ganye, yana zubar da abin da zai ishi bido huɗu ko biyar. A ajiye roba a inda ake alwala, shi ke nan. Ruwan wanki mai omo ne kawai ba a so. Kafin a zuba, a tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In da danshi a bari sai yamma. A rufe saman da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, danshin zai daɗe.

Lokaci ma ya bambanta da na nan. Bajamushe na jiran Mayu don sanyi ya wuce, mu kuwa zafi muke gudu. Tumatir da salati da karas na son daga Oktoba zuwa Fabrairu. In aka shiga Afrilu, zafi ya haura digiri 40, tumatir zai yi fure ya zubar ba tare da ya ɗaura ɗa ba, kuma ba taki ko addu'ar da za ta sa ya yi. Damina ta kuɓewa ce da yakuwa da lalo. Zogale na jure kusan komai, sai dai saiwarsa na nutsawa, don haka buhu mai zurfi ya fi masa, kuma in ya kai ƙugu a datse kansa ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe sama ya bar ka da sanda. Na'ana'a a ba ta tukunyarta ita kaɗai a inuwa, mai shayin gidan zai gode.

Maƙiya uku ne: akuya, kaza da ƙadangare. Tsohon gidan sauro da aka daina amfani da shi, a wanke a kafa shi kan sanduna huɗu, ya isa ya tsare biyun ƙarshe. Akuya kuwa sai shinge na gaske ko a ɗora tukwanen kan katanga. Ƙananan ƙwarin da ke manne wa bayan ganye, a daka ƴaƴan bedi a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma.

Iri kuwa kada a ce in aiko daga Turai. Yawancin na shagunan nan an zaɓe shi ne don bazara mai sanyi-sanyi da doguwar rana, a Tawa wahala zai sha. Mai lambu na bakin tafki ko na fadamar Keita ya fi ni sanin irin da ke jure ƙasarmu, kuma sau da yawa zai sayar maka da dashe da ya riga ya yi ganye huɗu, ka wuce matakin da ya fi kashe wa sabon shiga gwiwa.