Sigari ma shaye-shaye ce

Wani labari ya ce wasu cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye sun fara taimaka wa majinyata barin sigari. Madalla, ko da yake an makara. An daɗe ana raba mutum da kodin ko tramadol, a sallame shi da karan sigari a baki, wai kada zafi ya yi masa yawa. Alhali bincike ya nuna barin taba lokacin jinya yakan taimaka wajen hana komawa ruwa. Jihar New York a Amurka ta hana taba a irin waɗannan cibiyoyi a shekarar 2008. Amma hani kaɗai bai isa ba, nikotin, sinadarin da ke cikin taba, kamunsa da ƙarfi. A ba majinyata cingam ko filastar nikotin da mai ba da shawara. Ma'aikatan da ke busawa a bakin ƙofa fa, wa zai duba su?