Rubuta suna ba wuya, wa zai tsaya bayan an kashe wutar?

Assalamu alaikum 'yan'uwana samari na Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago.

Ba zan ce da ku matsorata ba. Duk wanda ya zauna a Legas ya san idan aka yi ihun gobara a kasuwa, kafin a ji jiniyar motar kwana-kwana 'yan dako da 'yan ga-ruwa da masu gadi sun riga sun isa wurin, kuma da yawansu namu ne. Abin da ke ci min rai shi ne abin da ke biyo baya. Washegari a taru a ƙofar masallaci, a rubuta sunayen 'yan sa kai, a naɗa shugaba da sakatare da ma'aji, a buɗe zaure a WhatsApp. Kafin wata biyu, wanda ya fi kowa zaƙewa ranar ma in ka kira shi sai ya ce yana kan hanya, ba kuwa za ka gan shi ba. Himmarmu ta zama wutar kara, ta tashi bal-bal ta mutu nan take.

Wani zai ce ai aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, jihar Legas tana da hukumar kashe gobara, akwai ta tarayya, akwai LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jihar, kuma kiran 767 ko 112 kyauta ne. Amma ku dubi lungunan kasuwannin Idumota da Balogun, inda ko mai baro sai ya yi dabara kafin ya wuce. Ku haɗa da cunkoson motocin garin nan. Wutar da ta tashi a ma'ajiyar kayan tartsatsin wuta a Jankara a Disambar 2012 da wadda ta ci gine-gine a Balogun a Nuwambar 2019 ba su jira kowa ba. Mintocin farko na wanda yake kusa ne, kuma mu ne a kusa, tunda da yawanmu a bakin shagunan muke kwana.

Sai dai zuciya kaɗai ba ta kashe wuta. Ku ɗauki abin da ake gani kullum: an ɗauke wuta, yaron shago ya zuba wa janareta mai yana da zafi, wuta ta kama jarkar. Na kusa ya sheƙa mata bokitin ruwa da kyakkyawar niyya, sai fetur ya hau kan ruwan ya bi kwata zuwa rumfa ta gaba da wutarsa. Wanda aka koya wa, yashi zai nema ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Zai zare fil ɗinta, ya nufi gindin wutar ba harshenta ba, ƙofa tana bayansa don ya sami mafita. Ya san a katse lantarki kafin a taɓa ruwa, ya san a janye tukunyar gas daga zafi, ya san a cikin hayaƙi rarrafe ake yi, domin hayaƙin kan kayar da mutum tun wuta ba ta taɓa shi ba. Kuma ya san lokacin da zai ja da baya ya bar wa masu kayan aiki.

Akwai ma aikin da ba a taɓa wuta a cikinsa, kuma a ganina shi ne babba. Lokacin da ma'ajiyar makamai ta fashe a barikin soja na Ikeja ranar 27 ga Janairun 2002, mutane fiye da dubu suka rasu, mafi yawansu ba ƙonewa suka yi ba, cikin magudanar ruwa suka faɗa suna gudun firgici. Mutum biyar masu natsuwa da za su nuna wa jama'a hanya, su kore masu ɗaukar hoto, su buɗe wa motar kwana-kwana layi, sun fi hamsin masu ihu.

A Jamus da Amurka, duk da arzikinsu, mafi yawan masu kashe gobara 'yan sa kai ne masu sana'o'insu. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. 'Yan agajinmu na masallatai shekara da shekaru suna tsaye ran Juma'a da ran Idi ba albashi. Me ya riƙe su? Suna da ranar atisaye, suna da kaki, an san su, ana girmama su.

To mu duba abin da ke korar namu. Ɗan dakon da ya bar aikin yini ya zo horo, da me zai ci abincin dare? Wanda ya ƙone a hannu yana fitar da kayan wani, ya kwanta a ɗaki ba wanda ya leƙa shi, kuna zaton shi ko abokansa za su sake fitowa? Ga wanda ya fito da kwalin kaya don ya tsirar, aka yi masa ihun ɓarawo saboda ba wata alama a jikinsa. Wannan ya fi kowanne zafi. Sannan mu 'yan ci-rani ne, damina ta faɗi ko Sallah ta matso, rabin ƙungiya sun hau mota sun yi gida.

Iyayenmu alhazai na kasuwa da sarakunan Hausawa na unguwanni, da girmamawa nake cewa wannan ɓangaren naku ne. A ware asusu, ko naira ɗari-ɗari ce daga kowace rumfa a mako, don magani da riguna masu sheƙi da katin shaida da sake cika tukwanen kashe gobara idan wa'adinsu ya ƙare. A gabatar da yaran nan ga shugabannin kasuwa Yarabawa da Inyamurai, a yi ƙungiyar tare da 'ya'yansu, tunda rufin shagunan a manne yake. A je ofishin kwana-kwana mafi kusa a nemi su zo su koyar, a nemi Red Cross don taimakon gaggawa.

Ku kuma samari, ku daina rigimar muƙami. Ku bar ɗan shekara ashirin ya riƙe tukunya a atisaye, kada kullum a mayar da shi ɗan aike. Wanda zai tafi gida ya koya wa wani kafin ya tafi. Ranakun da ba gobara ku zaga layi-layi kuna duba wayoyin da aka jona barkatai da jarkokin man da ake ɓoyewa ƙarƙashin teburi da ƙofofin da aka toshe da kaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka ba shi labarin gidan da ya ƙone da dare a Madina, cewa ya yi wutar nan maƙiyiya ce gare ku, in za ku yi barci ku kashe ta. Zagayen dare kafin a rufe kasuwa yana cikin bin wannan umarni.

Ran Juma'a mai zuwa, bayan an sallame, a ɗauko tsohon littafin sunayen nan a kira kowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya daina zuwa a tambaye shi dalili, a saurare shi har ya gama. Waɗanda suka amsa, ko su bakwai ne, a sa musu ranar atisaye ta farko kafin a watse.