Hamzar Sa'adatu da mataimakan JavaScript

Shekarun baya na gina wa wata makaranta shafin rajistar ɗalibai. Komai lafiya lau har ranar da wata uwa ta shigar da sunan 'yarta, Sa'adatu. Ta danna maɓalli, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Binta ta wuce, Musa ya wuce, amma Isma'il da duk ɗan Jama'are sun maƙale. Laifin nawa ne. Na ɗauko sunan daga saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan shafin, na zuba shi kai tsaye cikin JavaScript, yaren da ke sa shafi motsi, alhali hamzar da ke tsakiyar sunan ita ce alamar da yaren ke rufe zance da ita. Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta karanta "Sa", ta ɗauka an gama, sauran haruffan suka zame mata shirme.

Saboda irin wannan ne manhajojin gina shafuka suke zuwa da ƙananan mataimaka, wato 'yan umarnin da mai gini ke kira a cikin shafin da baƙo zai gani, su saka masa JavaScript. Ra'ayina a kansu shi ne: mataimakin da ke tsallakar da bayani lafiya daga saba zuwa burauza, a riƙe shi hannu bibbiyu. Wanda kuwa ya ce zai rubuta maka JavaScript ɗin gaba ɗaya don kada ka koya, a yi hattara da shi.

Ba don ƙiyayya na faɗi haka ba. Lokacin da manhajar gina shafuka ta Ruby on Rails ta fito a 2004, kowace burauza da nata hali, Internet Explorer 6 kuma ta fi kowa taurin kai. Sai ga mataimakinta link_to_remote: layi ɗaya na yaren Ruby, shafi ya sabunta wani sashensa ba tare da an sake loda shi ba. A wancan zamani wannan gata ne babba. Matsalar ita ce idan abu ya lalace, mai gini yana kallon kod ɗin da ba shi ya rubuta ba, bai kuma san yarensa ba. Kamar wanda aka rubuta wa wasiƙa ne ya sa hannu bai karanta ba.

Masu manhajojin da kansu sun gane. Rails 3.0 ta cire link_to_remote a 2010, ta koma sa wa mahaɗi 'yar alama a cikin HTML, yaren tsara shafi, JavaScript kuma ya zauna a fayil ɗinsa daban. Manhajar CakePHP ta yi watsi da mataimakinta JsHelper a fitowarta ta 3.0 a 2015. Duk wanda ya jingina gininsa da waɗannan, sai da ya sake aiki.

Su wa suka rage? Masu aikin da ba a yabo. A Rails akwai escape_javascript, wanda da na kira shi da Sa'adatu ta yi rajista cikin daƙiƙa guda. Manhajar Django ta ƙara json_script a 2018, yana ɗaukar bayani ya sauya alamomin da za su iya buɗe sabon umarni kafin ya ajiye shi a shafi. Wannan ba kwalliya ba ce. Ƙofar da hamza ta shiga ta ɓata mini shafi, ta nan mugu ke shigo da nasa umarnin ya sace bayanan masu ziyara. A 2005 wata tsutsar JavaScript mai suna Samy, wato mugun umarni mai yaɗa kansa, ta mamaye shafukan mutum fiye da miliyan ɗaya a dandalin sada zumunta na MySpace cikin ƙasa da kwana guda, saboda tacewar shafin ta bar kafa.

Na san za a ce ɗan koyo na bukatar ya ga abu na motsi da wuri, kada gwiwarsa ta yi sanyi. Gaskiya ne, ni ma haka na fara. Amma makonni kaɗan sun isa mutum ya iya rubuta abin da zai faru idan an danna maɓalli, kuma wannan ilimin ba ya ruɓewa don manhaja ta yi sabuwar fitowa.

Mu masu gina shafuka don Hausawa muna da ƙarin dalili. Misalan da muke koyo da su cike suke da John da Mary, mu kuwa sunayenmu da garuruwanmu hamza ta yi musu yawa. Tun daga ranar, ba na miƙa shafi ga mai shi sai na gwada shi da Sa'adatu, da Mas'ud, da "'yan makaranta".