Ranar da na yanka dinyar roba

Tunda Mai-tirela, wanda muka je farauta tare, ya riga ya watsa bidiyon a guruf, gara ku ji daga bakina.

Baturen wurin aikinmu ne ya ja mu farautar farar dinya a wata gonar masara kusa da Mound City, arewacin jihar Mizuri, ƙarshen Fabrairu. Lokacin ne suke komawa can ƙuryar Kanada su yi ƙwai, sai su yada zango a fadamar Loess Bluffs, wata shekarar har su haura miliyan. Yawansu ya kai suna tumɓuke ciyawar gaɓar Hudson Bay har saiwa, shi ya sa tun 1999 gwamnatin Amurka ta sakar wa maharba mara a wannan lokaci: harbi iya harbinka, kuma an yarda ka kunna kukansu a lasifika. Ni ba ni da lasisi. Wuƙa na riƙo, don in wata ta faɗo da sauran rai in yanka, mu samu na miya.

Ƙarfe uku na dare muka fara kafa dinyoyin bogi, sun kusa dubu. Yawancinsu farar jaka ce a kan tsinke, iska na hura ta tana rangaji, sai 'yan kaɗan na roba masu cikakken jiki, har da baƙin bakin fiffike. Kakana da kan burtu ɗaya tal a goshi yake yaudarar barewa, su sai da dubu. Aka sa mana fararen kaya, aka kwantar da mu rigingine cikin wani akwatin tamfol mai murfi, ba motsi ba magana. Na ce, Malam, salla kawai ta rage a yi mana.

Wajen hantsi suka zo. Tun suna ɗigo-ɗigo a sama har suka fara juyawa a kanmu kamar guguwa, suna sauka a hankali, kuka ya cika kunne. Bature ya ɗaga murfi, dam, dam, dam. Ɗaya ta faɗo tsakiyar gumakan.

To, a nan ne.

Na yi wuf na fita, wuƙa a hannu. Taku na biyar taɓo ya riƙe mini takalmin dama, na bar masa shi, na ci gaba da safa. Ko'ina fari fat, duk suna motsi. Na hango wata ta kife a gefe, na ce ga ta. Na danne, na taka fiffike da ƙafa yadda ake wa kaza, har na tsaya ina tambayar alƙibla. Ku ji fa, alƙibla na tambaya, da ƙarfi, kuma Mai-tirela ya nuna mini da yatsa, alhali yana ganin abin da na danne. Na juya ta, na yi bisimilla, na ɗora wuƙa. Ƙiiit. Ba jini. A raina na ce sanyi ne ya sandarar da baiwar Allah. Na gyara zama, na ƙara bisimilla, na ƙara ƙarfi. Sai kan ya zare ɗungurungum a hannuna, na leƙa cikin wuyan na ga rami, har da tambarin kamfani.

Ina nan durƙushe, kan roba a hagu, wuƙa a dama, ƙafa ɗaya ba takalmi, sai karen bature ya zo ya wuce ta gabana da ta gaskiyar a baki. Wallahi sai da ya tsaya ya kalle ni. Garke na biyu da ya fara saukowa kuwa, da suka ga ƙato a tsaye, suka yi sama, ba su ƙara waiwayarmu ba. Manyansu kan yi shekara ashirin a duniya, sun ga gumaka iri-iri, amma ban jin sun taɓa ganin mai yanka su.

Bature dai cewa ya yi kar in damu, kan dama cirewa ake yi. Mai-tirela ne matsalata. Mutumin da tun daga Omaha yake kukan ciwon baya, muna kafa tsinke cikin ƙanƙara shi yana mota ya kunna hita, shayin fulas ɗina ma shi ya shanye. Amma da na danne roba, bayan nan ya warke sarai, har da tsugunawa don bidiyo ya fito da kyau. Kuma kun san shi ne ya taɓa sayo ragon layya a wata gona, sai da aka sauke aka ga tunkiya ce mai ciki. Waye ya ɗauke shi bidiyo? Ni ne ma na rufa masa asiri wajen Hajiya. Kuɗin man da muka ce za mu raba har yau shiru.

Dinyar da kare ya kawo ta riga ta cika, bature ya tafi da abarsa. Takalmin mun tono shi, yana nan a gareji, har yanzu ban wanke ba.