Mun kama sana'ar, saura ku biya mu

Jiya da daddare bayan yara sun yi barci na ɗauko littafin da nake rubuta bashi, na haska shi da fitilar waya saboda tun la'asar aka ɗauke wuta. Sunaye goma sha huɗu na ƙirga, kuma babu bare ko ɗaya a ciki. Akwai 'yar gwaggona, akwai matar yayan maigidana, akwai maƙwabciyar da muke katanga ɗaya, akwai ƙawata tun ta Islamiyya. Da na haɗa lissafi sai na ga kuɗina da ke hannun mutane sun fi jarin da ke hannuna. Shi ya sa yau zan yi magana, duk wadda ta ji na taɓa ta ta yi haƙuri.

Ɗinkin kayan yara nake yi a gida, a nan Kano. Kekena ɗaya ce, Butterfly ta ƙafa, wadda mahaifiyata ta haɗa min cikin kayan ɗaki. Ba ni da shago, ba ni da 'yan koyo. Kusurwar ɗaki ce kusa da taga, nan ne wurin yanka, nan ne wurin ɗinki, nan ne wurin guga. Nakan shiga Kantin Kwari in nemi ragowar yadi da fallen atamfa, irin wanda bai cika turmi ba, don shi ne aljihuna ke iya ɗauka. Daga nan in biya Ƙofar Wambai in sayi zare da zif da lastik da maɓalli. In dawo in ɗinka 'yan riguna, in sa wa ƙaramar 'yata ta tsaya jikin labule in ɗauki hoto, in ɗora a WhatsApp. Kamfanin ke nan gaba ɗayansa.

Bari in buɗe muku cikin riga ɗaya, don masu cewa "ai telolin nan kuɗi suke kwasa" su gani. Doguwar rigar yarinya 'yar shekara biyar dubu huɗu nake sayar da ita. A cikin dubu huɗun nan akwai yadi, akwai shafi na ciki, akwai zif da zare. Akwai gawayin dutsen guga, don ba a dogara da wutar lantarki a unguwarmu. Akwai kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa da dawowa, akwai ledar da zan sa rigar, akwai data, akwai abin da mai POS zai yanka in na je cirar kuɗin da aka turo. In duk an fitar, abin da ke saura a tafin hannuna kusan naira ɗari bakwai ne. Rigar kuwa daga yanka zuwa guga takan ci min awa uku, in ba a kira ni daga madafa ba. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Kafin in kamo mai karɓar wannan albashin sai na ɗinka riga ɗari a wata, kuma a saye su duka, a biya kuɗin hannu. Ku gaya min ƙafar da za ta taka keke awa ɗari uku a wata, ga girki, ga wanki, ga raino.

To a cikin ɗari bakwai ɗin nan ne Anti za ta aiko yarinya da magariba, wai a ba ta biyu "za ta turo ƙarshen wata". Mutane ba sa gane cewa in an karɓi riga ɗaya bashi, ba ribata kaɗai aka tafi da ita ba, har da kuɗin yadin da zan sayo gobe. Riga ɗaya da ba a biya ba tana cinye ribar riguna kusan biyar kafin in mayar da uwar kuɗi kawai. Shi babban ɗan kasuwa yana iya jira, yana da kaya a ɗakin ajiya. Ni jarina juyawa yake kamar ruwan randa ɗaya, in an kwashe da safe babu na rana.

Ba na musun cewa tsadar rayuwa ta yi mana illa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce dubu. Kuɗin mota ya bi ta. Dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma yawancin yadin da ke Kwari daga waje yake shigowa, musamman daga China, don haka dala na motsawa ɗan kasuwa zai canza baki. Iyayenmu suna ba da labarin lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna ke aiki dare da rana. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, na Sharaɗa da Bompai a nan Kano ma da yawa sun zama kango. Mu mun taso ne muka tarar da atamfar da aka buga da sunan ƙasar nan amma a jirgin ruwa ta zo. Ga kuma gwanjo da rigunan kanti 'yan China da ake zubawa a bakin titi, wani lokaci a farashin da ko yadin bai saya min ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma dala ba ta taɓa shigowa ɗakina ta zauna bakin gado ta ce "haba 'yar uwa, har ni za ki yi wa ciniki?" ba.

Wannan maganar ita ce ta fi kashe ni. A wajen bare Hajiya za ta biya dubu bakwai a kan rigar da ba ta kai tawa ƙarko ba, ba tare da neman ragi ba, saboda a shago mai gilashi ta gani. In ta zo wurina sai zumunci ya tashi. Ta san ɗakina, ta san ba na biyan hayar shago, sai ta ɗauka lokacina ma kyauta ne. Akwai wadda ta taɓa kawo min atamfa turmi guda, kayan yara uku, ana saura kwana shida Sallah. Na raba dare biyu a kansu da fitilar caji, har allura ta huda min yatsa na ɗaure da ƙyalle na ci gaba. Ranar karɓa ta juya su, ta yaba, ta sa albarka, ta ce "Allah ya bar zumunci", ta naɗe ta tafi. Na amsa da amin, don kunya ta hana ni buɗe baki. Sallar nan 'ya'yana da ragowar ƙyallayen mutane na haɗa musu riga.

Kuma mu ne masu yawan jawo aya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma cewa aka yi a rubuta shi da lokacin biya. Amma ranar da na fara fito da littafi ina rubuta sunan mai karɓa a gabanta, sai aka ce na zama mai son abin duniya. Hadisi ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, wani kuma ya ce a ba ɗan ƙwadago haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Nawa gumin ya bushe, an wanke rigar, yarinyar ta girma ta bar wa ƙanwarta, kuɗin bai zo ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, na yarda. Wadda ba ta da shi ban taɓa matsa mata ba, akwai marayun da nake ɗinka wa ban taɓa sa sunansu a littafi ba. Maganata da wadda nake ganin hoton sabon leshinta duk sati ne.

Mu ma masu ɗinki da laifinmu, kada a ce na wanke kaina. An san mu da saɓa alƙawari, a ce Laraba ta koma Laraba ta sama. Na yi, ba sau ɗaya ba. Sai dai ku san yadda abin ke faruwa: kafin alƙalamin da kika bayar na sayen shafi da zif, da shi na ƙarasa ɗinkin wata wadda ba ta biya ba, don haka naki ya zauna jiran kuɗin wata ta uku. Babban laifinmu kuwa shi ne ba ma sa wa hannunmu kuɗi. Na yi shekara biyu ina ɗauka duk abin da ya ragu bayan kuɗin yadi riba ce, ina cire na magi da na omo daga ciki kullum, sai ranar komawa kasuwa in ga jari ya rame ban san inda ya bi ba. Sai da na ware gwangwani biyu, ɗaya na sana'a ɗaya na gida, na shiga adashin mako da mata takwas, sannan na fara ganin kan abin.

Akwai kuma masu cewa "mata ku kama sana'a" a kowane taro. Lokacin siyasa a tara mata a fili, a jera kekunan ɗinki, a ɗauki hoto, a watse. Keke alheri ce, ban raina ba. Amma keke ba ta zuwa da yadi, ba ta zuwa da mai saye, ba ta koya wa mutum lissafi. Na san waɗanda suka sayar da tasu kafin wata ya zagayo, kuma ban ga laifinsu ba, tukunya ce ta fi matsa su. Da mai rabon zai ce ɗinkin kayan makarantar firamare ɗaya na unguwa a raba wa matan da ke ɗinki a cikin gida, a biya rabi tun farko, da ya fi musu keken amfani. Yunifom ɗinki ne mai sauƙi, kuma duk shekara sai an nema.

Daga wannan watan na canza tsari, kuma ina faɗa a nan don kada a ce ba a ji ba. Ɗinkin da aka kawo, rabin kuɗi kafin almakashi ya taɓa yadi, ragowar ranar karɓa. Rigar da na ɗinka ta sayarwa ba ta fita ƙofa sai na ga kuɗi ko na ji shigarsu a waya. Wadda nake son yi wa kyauta zan faɗa mata da bakina cewa kyauta ce, don in samu ladana cikakke, ba ladan dole ba. Na san za a yi gutsiri-tsoma a gidan suna, wataƙila ma maganar ta kai kunnen surukata.

Da safen nan na fara gwadawa. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce in miƙo mata mai ruwan hoda ɗin nan da ta gani a waya. Na ce mata dubu huɗu ne, sannan akwai ragowar dubu biyu da ɗari biyar na tun azumi. Ta yi shiru, ta ce bari Baban su ya dawo. Rigar tana nan rataye a jikin ƙusa, na rufe ta da leda saboda ƙura.