Kuɗin DStv da GOtv: rigimar Abuja ba ta kai ga mai kallo na ƙauye ba

Duk lokacin da kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya ƙara kuɗin wata, abu ɗaya ake maimaitawa: 'yan majalisa su gayyaci shugabannin kamfanin, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fitar da gargaɗi, lauya ya garzaya kotu, sannan ranar da kamfanin ya sa ta zo, sabon farashi ya fara aiki. Haka aka yi a watan Mayun 2024, lokacin da ƙunshin tashoshin DStv na Compact ya tashi daga naira 12,500 zuwa 15,700. Haka kuma aka yi ranar 1 ga Maris 2025, da ya koma 19,000, Premium ya tashi daga 37,000 zuwa 44,500. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, ba sai an yi dogon lissafi ba.

Amma neman gwamnati ta yanke wa kamfani farashi hanya ce da ba ta ɓillewa, kuma kotu ta riga ta faɗa. A watan Mayun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a James Omotosho, ta ce FCCPC na da ikon bincike, amma ba ta da ikon ƙayyade farashi ko dakatar da ƙari sai in shugaban ƙasa ya ɗora mata wannan iko, kamar yadda sashe na 88 na dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ya tanada. Tarar naira miliyan 150 da kotun gasa ta ci kamfanin a watan Yunin 2024, tare da umarnin ba da kallon wata guda kyauta, ita ma ba ta rage ko kwabo daga kuɗin wata ba. Hujjar kamfanin kuma ba ta banza ba ce: haƙƙin nuna gasar Firimiya da hayar tauraron ɗan'adam da kuɗin waje ake biyansu, naira kuwa ta faɗi warwas tun da aka bar kasuwa ta yanke mata daraja a watan Yunin 2023. Wanda ya tilasta farashin da bai kai kuɗin da aka kashe ba, tashoshi za a zare masa daga ƙunshi, ya biya tsohon kuɗi ya kalli abin da bai kai na da ba.

Abin da ya fi cutar mai kallo a ƙauye shi ne yadda ake ƙirga watan. Da zarar ka biya, kwana talatin sun fara gudu, ko akwai wuta ko babu. Naira 19,000 a kwana talatin ta kama kusan 633 kowace rana. A ce taransifoma ta lalace ko fetur ya gagara, mutum ya kunna talabijin kwana goma kacal, to kowace ranar kallo ta tsaya masa a 1,900, ban da man janareta. Mai zama Maitama da ke da wuta da inbata, da manomin da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gwarzo, takardar farashi ɗaya aka ba su, amma na biyun ya biya ninki uku. Ga damina kuma: siginar DStv a zangon Ku take sauka, wanda ruwan sama mai ƙarfi ke dusashewa, hoto ya daskare daidai lokacin da hadari ya haɗo. Iska ta karkatar da dish da ɗan yatsa biyu, sai an ɗauko mai saiti daga cikin gari, a biya kuɗin babur da na aiki, kwanakin kuma na tafiya.

Za a ce ai akwai GOtv mai sauƙin kuɗi. GOtv daga dogon ƙarfe na ƙasa yake watsowa, da eriya ake kama shi, kuma ƙarafan a manyan birane aka kafa su. Da ka yi nisa da birni sigina sai ta raunana. Mutane su ɗaure eriya a kan doguwar gora ko fayif, su ƙara waya, wayar ma ta sha ƙarfin siginar. Ma'ana, ƙunshin da aka yi wa talaka shi ne wanda bai isa inda talaka ya fi yawa ba. Kamfanin StarTimes, abokin gasar MultiChoice, wanda ya shigo ta haɗin gwiwa da NTA, ya daɗe yana sayar da kallon kwana ɗaya da na mako. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa fasahar raba wata gida-gida tana nan, rashin so ne kawai. MultiChoice na cewa masu tashoshi ba su sayar masa haƙƙi bisa awa ba, kuma dikoda ba ta mayar da bayani ga kamfani, don haka ba ya sanin lokacin da aka kunna ko aka kashe. Gaskiya ne, wannan ya rushe batun biyan kuɗi gwargwadon mintin da aka kalla. Bai rushe batun sayar da kwana bakwai ba, domin kamfani ne ke aika umarnin buɗewa da rufewa zuwa katin dikoda, kuma ranar da ya ga dama yake sa wa.

A nan ne hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa tun 1992 kuma ita ke ba da lasisi, take da abin yi ba tare da ta taɓa farashi ba. Sharuɗɗan lasisi nata ne. Za ta iya wajabta sanarwar kwana talatin cikakku kafin kowane ƙari. A 2025 ƙasa da mako guda aka bayar, a 2024 ma kusan haka. Sanarwar kuma ta isa ga mai ita: saƙon waya da rediyo, da Hausa da sauran harsuna, domin yawancin masu kallo a karkara wurin mai POS ko dila suke biya, sai sun miƙa kuɗi ake ce musu bai cika ba. Za ta iya wajabta cewa idan aka cire tasha daga ƙunshi a tsakiyar wata, mai biya ya samu zaɓin sauka ƙasa a mayar masa da ragowar kuɗinsa. Mutum ya sayi ƙunshi ne saboda tasha biyu ko uku, ƙwallo ko finafinan Hausa ko wa'azi. Cire ɗaya ƙarin kuɗi ne da ba a kira shi da sunansa ba. Damar dakatar da asusu na mako ɗaya zuwa biyu, sau biyu a shekara, da ake da ita tun zamanin tsohuwar hukumar kare masu saye ta CPC, an gina ta ne don mai tafiya hutu. Mai fama da wuta yana buƙatar lambar waya ta USSD da zai danna ko da ƙaramar waya, ya tsayar da kwanakinsa yau, ya sake su jibi.

Sai gidajen kallon ƙwallo, waɗanda a ƙauyuka da yawa su ne talabijin ɗin gari gaba ɗaya. Mai gidan kallo na biyan kuɗin wata, da fetur da ya ninka sau da yawa tun cire tallafi a Mayun 2023, da benci da rumfa, amma ba zai iya ƙara kuɗin ƙofa yadda ya so ba, don matasan da ke shiga ba su da shi. Daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta, lokacin hutun gasannin Turai, kasuwarsa kusan a kwance take. Doka ta ɗauke shi ɗan kasuwa mai nuna wa jama'a, a sahu ɗaya da otal. Ya kamata a ware masa rukuni nasa mai rajista, da farashin da ya dace da rumfa mai ɗaukar mutum hamsin, da damar biya mako-mako. Rashin hakan ne ke tura da dama ga dikodar satar sigina, kamfanin ya yi asara, su ma su zauna cikin fargabar kame.

Babban laifin gwamnati kuwa yana wani wurin. Najeriya ta sa hannu kan komawa watsa shirye-shirye na dijital kafin 17 ga Yunin 2015, ta kasa. Aka fara da Jos a 2016, sai Abuja, Kaduna, Ilori, Enugu, Osogbo, sannan Legas da Kano a 2021, daga nan aikin ya yi ta jan ƙafa. Da FreeTV, talabijin ɗin dijital na wannan shiri, ya isa ƙauyuka da tashoshi masu yawa kyauta, da mai kallo na da inda zai koma idan an ƙara masa kuɗi, kuma wannan ne ke sa kamfani tunani sau biyu. Shirin da China ta ɗauki nauyi na kai talabijin ƙauyuka 10,000 a Afirka, wanda Najeriya ta samu 1,000, ya raba dikodoji da majigi masu sola, amma bayan ɗan lokacin kyauta sai an biya StarTimes. Kasuwa aka buɗe wa kamfani, ba madadi aka samar ba.

MultiChoice da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biya miliyan 1.4 a Najeriya tsakanin Maris 2023 da Maris 2025, kuma yanzu kamfanin ya koma hannun Canal+ na Faransa. Sabon mai gida da ke neman dawo da waɗanda suka gudu ya fi saurin sauraron batun ƙunshin mako da dakatar da kwanaki fiye da batun rage farashi, kuma NBC na iya rubuta su cikin sharuɗɗan lasisi kafin sanarwar ƙari ta gaba.